Ƙibar yara da harajin lemon kwalba: abin da Birtaniya, Chile da Meziko suka gwada, da inda naira 10 ta Najeriya ta tsaya

A watan Maris na 2016, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, George Osborne, yana cikin karanta kasafin kuɗi a majalisa ya sanar da sabon haraji a kan lemon kwalba mai sukari. Lissafin baitulmali ya nuna gwamnati za ta riƙa samun kimanin fam miliyan 520 a shekara. Kafin harajin ya fara aiki a watan Afrilun 2018 aka sake lissafi, sai adadin ya dawo wajen fam miliyan 240. Fiye da rabin kuɗin ya tafi tun ba a karɓi ko kwabo ba. A wurin masu tara haraji wannan abin a kira taron gaggawa ne a nemi wanda ya yi sakaci, amma gwamnati murna ta yi, kuma tana da hujja. Kuɗin ya ragu ne saboda kamfanoni sun yi amfani da shekara biyun da aka ba su sun rage sukarin da ke cikin lemonsu, don kada harajin ya hau kansu.

Dabarar tana cikin yadda aka tsara harajin, domin hawa-hawa aka yi shi. Lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a kowane mililita 100 ba, babu ko sisi a kansa. Lokacin da ya fara aiki a 2018, daga giram 5 zuwa ƙasa da 8, kwabo 18 ne na kuɗin Ingila a kowace lita. Daga giram 8 zuwa sama, kwabo 24. Wanda ya haɗa lemon ko ya shigo da shi ƙasar shi ke biya. Wato an bar wa mai kamfani ƙofar fita a buɗe: ka rage sukari, ka tsira da kuɗinka. Masu Lucozade da Ribena suka bi ta wannan ƙofa, haka ma masu Irn-Bru, lemon da mutanen Scotland ke ji da shi, duk da surutun da masu sha suka yi cewa an ɓata musu ɗanɗano. Coca-Cola ta ƙi taɓa lemonta na asali, ta gwammace ta rage girman babbar kwalba ta ƙara mata kuɗi. Da hukumomin lafiyar ƙasar suka duba, sai suka ga tsakanin 2015 da 2020 sukarin da ke cikin lemukan da harajin ya shafa ya ragu da kashi 46 cikin 100, alhali yawan lemon da ake sayarwa ƙaruwa ma ya yi.

A daidai waɗannan shekaru gwamnatin ta gwada hanyar lallami a wani ɓangaren. Ta roƙi masu yin biskit, kek, cakulan, askirim da yogot su rage sukari da kashi 20 cikin 100 kafin 2020, bisa raɗin kansu, babu tara babu haraji. Abin da aka samu kashi 3.5 ne. Ƙasa ɗaya, shekaru ɗaya, kusan kamfanoni iri ɗaya: inda aka taɓa aljihu an samu 46, inda aka yi roƙo an samu uku da rabi. A ganina duk muhawarar da ake yi kan rawar da gwamnati za ta taka a maganar ƙiba, babu hujjar da ta kai waɗannan lambobi biyu nauyi.

Dalilin da ya sa gwamnatoci suka shigo cikin abin da a da ake ɗauka harkar cikin gida ce, girman matsalar ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutane fiye da biliyan ɗaya ke fama da ƙibar da ta wuce ƙima, daga ciki akwai yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 miliyan 160. A 1990 kashi 2 cikin 100 ne na masu waɗannan shekaru, a 2022 sun kai kashi 8. A watan Satumban 2025 asusun UNICEF ya fitar da rahoton da ya ce a karon farko masu ƙiba a cikin 'yan makaranta da matasa sun fi masu rama yawa a duniya: kashi 9.4 da kashi 9.2. Yankuna biyu ne kawai abin bai juya ba tukuna, Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya.

Ƙibar yaro ba da ido ake yanke mata hukunci ba. Ana auna nauyinsa da tsayinsa, a fitar da lissafi, a kwatanta da na tsararrakinsa maza ko mata. Abin tsoron shi ne yawancin yaran da suka shiga wannan sahu ba sa fita, da ita suke girma. Likitoci yanzu suna ganin nau'in ciwon suga na manya a jikin 'yan shekara goma sha, tare da hawan jini da taruwar kitse a hanta. Lemon kwalba kuwa ya zama abin da aka fara kamawa ne saboda sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa. Yaro zai shanye kwalba ya kuma ci abincinsa cif. Lemon da ke da giram 10 da ɗoriya a mililita 100, kwalbarsa ta rabin lita na ɗauke da sukari fiye da giram 50, kusan cokalin shayi 13. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, in da hali ma kashi 5, wato wajen cokali shida ga babban mutum.

Ingila tana auna 'yan makarantun gwamnati sau biyu, shekarar shiga firamare da shekarar fita, tun 2006. A zangon karatu na 2023/24 kusan kashi 10 cikin 100 na masu shiga suna da ƙiba, na masu fita kuwa kashi 22. Ga Bahaushen da ya saba ɗaukar teɓa alamar hutu, abin mamakin shi ne a can 'ya'yan talakawa ne masu ƙibar. A unguwannin marasa ƙarfi adadin ya ninka na unguwannin masu hali fiye da sau biyu. Soyayyar kaza da dankali da lemo su ne abinci mafi araha kuma mafi kusa, shagunansu na jere a hanyar makaranta, ganye da 'ya'yan itace kuwa sai mai kuɗi da mai lokacin girki.

Wannan ne ya sa wa'azin "a ci abinci mai kyau, a motsa jiki" ya kasa. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Cambridge, Dolly Theis da Martin White, sun ƙirga a 2021 cewa daga 1992 zuwa 2020 gwamnatocin Ingila sun fitar da tsare-tsaren yaƙi da ƙiba har 14, masu ƙunshe da manufofi 689, ƙibar kuma ba ta ragu ba. Yawancin manufofin sun ɗora nauyin ne a kan mutum ya canza halinsa, da yawa kuma an rubuta su ba tare da faɗin wa zai aiwatar, yaushe, da wane kuɗi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Uwar da ta taso daga aiki da dare, da 'yan kuɗi kaɗan a jaka da yara uku masu jin yunwa, ta san ganye ya fi soyayyen dankali amfani. Ba ilimi ta rasa ba. Harajin lemo ya yi tasiri ne saboda bai nemi komai daga wurinta ba: ta sayi lemon da ta saba saye, sukarin ciki ya ragu da kusan rabi.

To, yaran sun rage ƙiba? Nan ne ya kamata a yi magana da taka-tsantsan. Wani binciken na Cambridge da aka wallafa a 2023 ya kiyasta cewa harajin ya rage ƙiba da kashi 8 cikin 100 a tsakanin 'yan mata 'yan shekara 10 zuwa 11, kimanin yara 5,000 a shekara, kuma an fi ganin ragin a unguwannin talakawa. A wurin maza tsararrakinsu ba a ga canji ba, haka ma a ƙananan da ke shiga firamare. Wani binciken ya nuna yaran da ake kwantarwa a asibiti don cire ruɓaɓɓen haƙori sun ragu da kashi 12. Nasara ce, amma ƙarama idan aka auna da alƙawarin da gwamnati ta yi a 2018 na rage ƙibar yara da rabi kafin 2030. Lemo ƙofa ɗaya ce daga cikin ƙofofi masu yawa da sukari da mai ke shigowa.

Sauran ƙofofin kuwa tafiyar hawainiya aka yi musu. Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, wanda a 2019 yake sukar irin waɗannan haraji, ya kwanta a sashen kulawa ta musamman da korona a Afrilun 2020, ya fito yana cewa nauyinsa ya yi yawa. A watan Yuli ya sanar da hana tallan abinci mai yawan mai, gishiri da sukari a talabijin kafin ƙarfe tara na dare, da hana tallansa na kuɗi a intanet. An sa Janairun 2023, aka ɗaga zuwa Oktoban 2025, aka sake ɗagawa zuwa Janairun 2026. Yaron da ke aji ɗaya lokacin da aka yi alƙawarin ya kusa gama firamare kafin dokar ta fara cizo. Kowane ɗagi da uzurinsa, tsadar rayuwa ko ba kamfanoni lokacin shiri, amma kowa ya san masu talla da masu abinci ba su zauna sun naɗe hannu ba.

Chile ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi kowa ƙarfin hali. Wani sanata likita, Guido Girardi, ya shafe shekaru yana tura dokar lakabin abinci. Shugaba Sebastián Piñera ya hau kujerar na ƙi a 2011, aka yi sulhu dokar ta fito a 2012, amma sai a zamanin Michelle Bachelet, wadda ita ma likitar yara ce, aka rubuta ƙa'idojin aiwatarwa. Ta fara aiki a watan Yunin 2016.

Abin da dokar ta yi mai sauƙin gani ne. Duk abincin leda, kwali ko kwalba da ya haura iyakar sukari, gishiri, daskararren kitse ko yawan kuzari, dole a buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaba, irin siffar alamar tsayawa ta kan titi, da rubutu fari cewa abu kaza ya yi yawa. Biskit ɗaya na iya ɗaukar tambari uku ko huɗu a jere. An tsuke iyakar a matakai uku, 2016 da 2018 da 2019, har ta kai giram 10 na sukari a giram 100 na abin ci, da giram 5 a mililita 100 na abin sha. Tambarin kuma shi ke jawo sauran hukunci. Abin da ke ɗauke da shi ba a sayar da shi a cikin makaranta, ba a tallata shi ga 'yan ƙasa da shekara 14, ba a haɗa shi da kyautar abin wasa. Damisar nan mai murmushi da ke jikin kwalin abincin karin kumallo na Kellogg's ta ɓace daga kantunan Santiago, kwalin ya koma fili. Cakulan Kinder mai siffar ƙwai da abin wasa a ciki aka hana sayar da shi. Daga baya aka hana tallan irin wannan abinci a talabijin daga shida na safe zuwa goma na dare.

Binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna sayen abin sha mai tambari ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100 bayan matakin farko. Masu bincike da suka zauna da iyaye mata sun ji yadda yara da kansu ke hana a saya musu abu mai baƙin tambari, saboda malama ba ta yarda a shigo da shi aji. Yaron da bai iya karatu ba ma ya iya ƙirga tambari. Peru, Meziko, Uruguay, Ajantina da Kolombiya duk sun kwaikwayi tsarin. Sai dai awon da hukumar tallafa wa ɗalibai ta Chile ke yi duk shekara ya ci gaba da nuna kusan rabin 'yan makaranta nauyinsu ya wuce ƙima, kuma zaman gida na korona ya ƙara dagula lissafin. Sannan kamfanoni da yawa sun tsere wa tambarin ta hanyar maye sukari da sinadaran zaƙi, har ya zama ƙananan yara na shan su fiye da da. Meziko ta koyi darasi daga nan, da ta zo nata lakabin a Oktoban 2020 sai ta ƙara gargaɗi cewa abu na ɗauke da sinadarin zaƙi, bai dace da yara ba.

Meziko dai ita ce ta fara jawo hankalin duniya ga harajin lemo. Tana cikin ƙasashen da suka fi kowa shan lemon kwalba, ciwon suga na cikin manyan abubuwan da ke kashe mutanenta, tsohon shugabanta Vicente Fox ma shugaban Coca-Cola na ƙasar ne kafin ya shiga siyasa. A Janairun 2014 ta sa peso ɗaya a kan kowace lita, kusan kashi 10 cikin 100 na farashi, da kashi 8 a kan kayan maƙulashe. A shekara biyun farko sayen lemon ya ragu da kimanin kashi 7.6, kuma gidajen talakawa ne suka fi ragewa. Don a san cewa wannan faɗa ba na wasa ba ne: a 2017 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano cewa an tura wa wani babban mai bincike na cibiyar lafiyar ƙasar, Simón Barquera, da wasu 'yan fafutuka biyu masu neman a ƙara harajin, saƙonnin waya ɗauke da manhajar leƙen asiri ta Pegasus. Jihar Oaxaca ta hana sayar wa yara lemo da kayan maƙulashe a 2020, sannan a Maris 2025 gwamnatin Claudia Sheinbaum ta hana sayar da su a makarantun ƙasar baki ɗaya.

Masu adawa da irin waɗannan matakai suna da magana biyu da ba za a share ba. Ta farko, haraji a kan abin ci ya fi cin talaka. Gaskiya ne, amma ciwon suga ma shi ya fi ci, kuma tsarin Birtaniya ya nuna ana iya kauce wa yawancin wannan illa idan aka tura kamfani ya canza haɗi maimakon mai saye ya biya ƙari. Ta biyu, harajin da ba a yi masa tunani ba yana iya zama abin dariya. Denmark ta sa haraji a kan daskararren kitse a Oktoban 2011, ya hau kan man shanu da cuku da nama, mutane suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Jamus sayayya, bayan shekara guda aka soke shi. Amurka kuwa, inda harajin lemo ya tsaya a 'yan birane irin su Berkeley da Philadelphia, ta fi karkata ga asibiti: a Disamban 2022 aka amince da allurar rage ƙiba ta Wegovy ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Wannan hanya ce ta ƙasar da ke da kuɗin biya wata-wata, shekara da shekaru.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa, mu da ke fama da tamowa ina ruwanmu da ƙiba? Tambayar tana kan hanya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57, masu nauyi fiye da ƙima kuwa kashi 2 ne kacal. Amma binciken nan dai shi ya nuna kashi 28 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙima. A manyan asibitocinmu, layin iyaye mata masu karɓar abincin tamowa da layin masu ciwon suga suna cikin harabar gini ɗaya. Kuma matsalolin biyu suna da alaƙa ta jiki. Binciken da aka yi kan mutanen da ke cikin ciki lokacin yunwar da ta afka wa Holan a 1944 zuwa 1945 ya nuna sun fi saurin kamuwa da ciwon suga da ƙiba a girmansu. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi tanadi, in daga baya ya haɗu da yalwar sukari da mai sai ya kasa ɗauka. Yaron ƙauyen da ya tsumbure yau, ya shigo birni gobe ya koma rayuwa kan indomi, burodi da lemo, yana cikin haɗari fiye da ɗan da ya taso cikin wadata.

A buɗe jakar abincin ɗan makarantar kuɗi a kowane birni namu: taliyar leda, lemon kwali mai tsinke, biskit biyu. A leƙa bakin ƙofar makarantar gwamnati lokacin tara: mai tebur da alawa kala-kala, cingam, ƙanƙarar leda mai ja da ruwan ɗorawa, yara sun yi dafifi kowa da kuɗin tararsa a dunƙule. Ga al'ada kuma tana taimakawa. Jaririn da ya yi ɓul-ɓul ana cewa tubarkalla, uwarsa ta iya reno. Amaryar da ba ta yi ƙiba ba ana tambayar ko lafiya, har wasu na shan ƙwayoyin sha-ka-fashe. Ko abincin jarirai na gwangwani bai tsira ba: a Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton cewa Cerelac ɗin da ake sayarwa a ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya, ana ƙara masa sukari, alhali irinsa na Jamus da Birtaniya babu ƙari. Kamfanin Nestlé ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. Amsar tasa ta mayar da maganar kan masu rubuta dokokin.

Najeriya tana da nata harajin. Dokar Kuɗi ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen shekarar, ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zaƙaƙa, aka fara karɓa a tsakiyar 2022. A auna shi da abin da ya gabata. Kwalbar rabin lita naira 5 ke kanta. In ana sayar da ita naira 500, harajin kashi ɗaya ne cikin 100, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai farashi ya tashi da aƙalla kashi 20 kafin a ga ragin sha na a zo a gani. Tunda kuma adadi ne tsayayye, duk tashin farashi sai ya ƙara cinye shi. Babbar illar ita ce bai bambanta lemo mai cokali 13 da mai cokali uku ba, duka naira 10 ne. Mai kamfani ba shi da ribar ko kwabo in ya rage sukari. Kuɗin da ake tarawa kuma ba a keɓe su ga lafiya ba, asusun gwamnati suke shiga kamar kowane haraji. Ƙungiyar fafutuka ta CAPPA da ke Legas tana neman a kai shi naira 130, ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana cewa hakan zai rufe masana'antu ya kori ma'aikata. Dukkansu a kan yawan kuɗin suke jayayya, alhali siffar harajin ce ta fi buƙatar gyara. Ba sai an je Turai neman misali ba. Afirka ta Kudu tun Afrilun 2018 take cajin kowane giram na sukari da ya haura giram 4 a mililita 100, kamfanoni kuma sun rage. Ghana ta sa kashi 20 cikin 100 a 2023.

Lakabi irin na Chile zai iya fin haraji amfani a wurinmu. Bayanin da ke bayan leda yanzu da Turanci yake, da ƙananan haruffa, cikin lissafin giram da ko mai digiri sai ya ƙura ido. Baƙin tambari a gaban leda kuwa kaka a ƙauye za ta gane shi, jikanta ma haka. Hukumar NAFDAC ta riga ta nuna tana iya irin wannan aiki lokacin da ta fitar da ƙa'idar taƙaita gurɓataccen kitsen masana'anta a cikin mai da abinci.

Sai dai akwai inda haraji da lakabi duka ba sa kaiwa, kuma a ƙasar Hausa wurin yana da faɗi. Zoɓon da ake ƙullawa a gida, kunun aya, lamurje, kokon safe, furar da ake dama wa da sukari ludayi guda, shayin mai shayi da ake zuba wa madarar gwangwani mai zaƙi a kuma ƙara cokali uku: babu jami'in kwastam da zai bi su. In lemon kamfani ya yi tsada, yaro zoɓo zai koma, kuma zoɓon na iya finsa sukari. Wanda ke da iko a nan shi ne wanda ke da iko da ƙofar makaranta, wato gwamnatin jiha, hukumar ilimin firamare, shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Su ne za su iya cewa a harabar nan gyaɗa, dafaffen ƙwai, ƙosai, awara, rake da 'ya'yan itace za a sayar, su zauna da matan da ke tallar su daidaita yawan sukarin zoɓo ba tare da an raba kowa da sana'arsa ba. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 da naira 70 kan kowane yaro ya nuna hanyar shiga makarantun tana nan, in an samu kuɗi da riƙon amana. Sharaɗin farko kuwa ruwa ne. Meziko ta yi alƙawarin kafa famfunan ruwan sha a makarantu bayan ta sa harajinta, aikin ya yi ta jan ƙafa. Makarantar da ta hana lemo alhali ba ta da rijiyar burtsatse ko randa mai tsabta, a watan Afrilu da rana tsaka, yaran za su tsallaka titi ne su sayo abin da aka hana.